Murɗewar Jiki Mai Zuwa Ta Wuce: Bayani Ga Iyaye Da Malaman Makaranta

Jama'a, akwai wani ciwo da ba kowa ya san shi ba. Ko cikin ma'aikatan asibiti, wani sai ya gama aikinsa ya yi ritaya bai taɓa ganinsa da idonsa ba. Amma duk gidan da ya shiga sai ya ta da hankalin mutanen gidan, domin kamanninsa na ban tsoro ne.

Ga yadda yakan zo. Yaro ne ɗan shekara goma ko goma sha biyu, lafiyarsa ƙalau, yana ci yana sha yana wasa da tsaransa. Yana zaune a aji, malam ya kira sunansa, ya zabura zai miƙe. Kafin ya gama miƙewa sai hannunsa ya murɗe ya koma baya, ƙafarsa ta sandare ta lanƙwashe, wuya ya juya, baki ya karkace. Bai suma ba, bai fitar da kumfa ba. Idonsa biyu, yana jin dariyar 'yan aji, yana jin malam yana cewa, "Kai, wane irin shashanci ne wannan?" Kafin a ƙirga ashirin abin ya sake shi, ya tsaya daram kamar ba shi ba. Gobe ma haka. In an aike shi ya tashi da sauri, haka. In zai tsallaka titi mai mota ya danna masa oda ya firgita, haka. In ya ɗago daga sujada zai miƙe, wani lokaci haka.

Daga nan sai kowa ya kawo tasa fassarar. Malam ya ce ganganci ne, ya sa bulala. Maƙwabta su ce farfaɗiya ce, su hana 'ya'yansu cin abinci kwano ɗaya da shi. Kaka ta ce iska ce ta shafe shi a bakin rafi. Uba ya sayar da akuya, ya sayar da buhun gero, ana yawo da yaro daga wannan mai magani zuwa wancan. Shekaru su wuce a haka, alhali ciwon yana da suna, an san mafarinsa, kuma ƙwayar magani ƙarama mai arha tana kwantar da shi a wurin mafi yawan masu shi. Wannan takarda an rubuta ta ne domin a rage waɗannan shekarun da ake ɓatawa.

Yadda Aka Gano Shi

Likitoci suna taƙaita sunansa da haruffa uku, PKD. A nan za mu riƙa kiransa murɗewar zabura, tun da zabura ce ke ta da shi. Ba sabon ciwo ba ne. Tun a shekarar 1892 wani likitan Japan mai suna Shuzo Kure ya rubuta labarin wani saurayi mai irin waɗannan alamomi, ko da yake ya ɗauke shi wani ciwo ne dabam na tsoka. Likitocin Turai na wancan zamani kuwa cikin farfaɗiya suka riƙa lissafa shi. Sai a 1967 wani likita, Andrew Kertesz, ya tattara labarin marasa lafiya da dama ya nuna cewa ciwo ne mai zaman kansa, kuma motsi na ba-zata ne mabuɗinsa. A 1995 Demirkiran da Jankovic, a birnin Hustan na Amurka, suka rarraba wannan ciwo da danginsa gida-gida, gwargwadon abin da ke ta da kowanne. A 2004 kuma wata likita mai suna Bruno da abokan aikinta suka fitar da sharuɗɗan gane shi, waɗanda har yau da su ake aiki.

Ƙiyasin da ake yawan ambatawa shi ne mutum 1 cikin 150,000. In muka auna wannan da yawan mutanen Nijeriya, waɗanda suka haura miliyan 200, za mu ga lissafin ya haura mutum 1,300. Kaɗan ne in an kwatanta da masu zazzaɓin cizon sauro, amma kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wani ne. An same shi a cikin jinsin mutane iri-iri, kuma ya fi kama maza a kan mata.

Alamomi

Ya mai karatu, riƙe abubuwa uku, domin a kansu dukan ganewar ta rataya. Mene ne ya ta da shi? Tsawon wane lokaci ya ɗauka? Mai shi yana cikin hankalinsa ko ba ya ciki?

Abin da ke ta da shi motsi ne na farat ɗaya bayan an ɗan jima a zaune ko a tsaye: miƙewa daga tabarma, fara gudu a filin ƙwallo, sauka daga mota, juyawa da sauri in an kira mutum. Firgita, fargaba da ƙarancin barci suna ƙara masa ƙarfi. Shi ya sa yaron da malam ke yi wa tsawa abin ya fi damunsa a aji fiye da a gida, sai kuma malam ya ɗauki wannan hujja ce cewa da gangan yake yi. Ba hujja ba ce. Tsawar ce ke hura wutar.

Tsawonsa gajere ne ƙwarai. Daƙiƙa biyar, goma, ashirin. Da wuya ya kai minti ɗaya. Amma yana iya maimaituwa. Wani sau ɗaya a wata zai gan shi, wani kuwa har sau ɗari a yini guda. Yakan kama ɓari ɗaya na jiki, ko duka biyu, ko yau dama gobe hagu. In ya taɓa fuska da harshe sai magana ta gagara na ɗan lokacin, ko da yake mutum ya san abin da yake son faɗa. In ya kama ƙafafu biyu tare ana iya faɗuwa.

Hankali kuwa ba ya gushewa. Ba zafi, ba cizon harshe, ba sakin fitsari, ba barcin gajiya bayansa. Tambayi yaron abin da aka faɗa a gabansa lokacin da abin ya kama shi, zai maimaita maka kalma-kalma.

Akwai wata alama da iyaye ba su cika sani ba sai sun tambaya. Yawancin masu wannan ciwo suna jin zuwansa. Wani ya ce yana jin wani abu na tafiya a ƙafarsa, wani ya ce nauyi, wani ya ce tsokar ce ke ɗaurewa. Da yawa daga cikinsu sun koya wa kansu dabara tun ba wanda ya koya musu: in sun ji alamar sai su dakata, su rage sauri, ko su ɗan girgiza ƙafa kafin su tashi, abin ya wuce bai fito fili ba. Saboda haka in ka ga yaro kullum yana jan jiki kafin ya amsa kira, kada ka yi saurin cewa raini ne ko ƙiwuya. Zauna da shi ka tambaye shi cikin lallashi.

Ciwon yakan fara ne tsakanin shekara 1 zuwa 20, ya fi yawa a shekarun firamare da farkon balaga. Yakan tsananta lokacin balaga, sa'an nan ya fara sauƙi bayan shekara 20. Da yawa kafin su kai 30 ko 40 ya ragu ƙwarai, wasu ya bar su gaba ɗaya. Ba ya taɓa basira, ba ya rage tsawon rai, ba ya shanye gaɓa.

Shin Farfaɗiya Ce?

A'a, ba ita ba ce, ko da yake suna da kusanci. Farfaɗiyar da kowa ya sani takan ka da mutum, hankalinsa ya gushe, jiki ya yi ta jijjiga na minti ɗaya ko biyu, ya farfaɗo a gajiye bai san abin da ya faru ba. Wannan a fili take dabam. Sai dai akwai wata farfaɗiyar da ke kama gaɓa ɗaya kurum mutum yana cikin hankalinsa, kuma ita ce ke iya rikita har likita. Don haka ake yin awon wutar ƙwaƙwalwa, wanda ake kira EEG, inda ake manna wayoyi a fatar kai na'ura ta zana yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. A murɗewar zabura wannan awo yakan fito lafiya lau. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI shi ma lafiya. Awon da likita zai yi da hannunsa, na ƙarfin gaɓoɓi da tafiya da gani, shi ma lafiya.

Nan ne wasu iyaye kan karaya. Su ce, to ga shi asibiti sun ce ba su ga kome ba, ashe dai ba ciwon asibiti ba ne. Wannan kuskure ne babba. Rashin ganin kome a awo yana cikin sharuɗɗan ciwon. Da hoton ya nuna wani abu, da wata cutar ce dabam, mai yiwuwa wadda ta fi wannan nauyi. Ranar da aka ce maka awo ya fito lafiya, ranar godiya ce.

Tun da maganar farfaɗiya ta taso, bari mu faɗi abin da ya kamata a yi ta faɗa: kamar murɗewar zabura, ita ma ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci tare. Wanda ya gudu ya bar ɗan'uwansa yana birgima kusa da murhu don tsoron yawu, ya yi gudun banza, ya bar mutum ya ƙone.

Daga Ina Yake Fitowa

A jikin kowane mutum akwai ƙwayoyin gado da ya karɓo, rabi daga uwa rabi daga uba, jere a kan wasu zarurruka da ake kira kuromosom. A shekarar 2011 masu bincike a ƙasar Sin suka gano cewa yawancin gidajen da ke gadon wannan ciwo suna da tangarɗa a ƙwayar gado guda ɗaya mai suna PRRT2, wadda ke kan kuromosom na 16. Abin mamaki, a mafi yawan gidajen, daga Asiya har Turai, kuskuren iri ɗaya ne: harafi ɗaya ne na rubutun ƙwayar ya maimaitu, sai sauran karatun ya lalace. A 2021 aka ƙara gano wata ƙwayar, TMEM151A, a wasu marasa lafiyar da ba a samu ta farkon a jikinsu ba.

Aikin PRRT2 yana can inda jijiyar ƙwaƙwalwa ke miƙa saƙo ga 'yar'uwarta. Ita ce ke hana saƙon yin yawa. Kamar linzami take a bakin doki: muddin yana nan, mahayi ya zaburi doki ya tafi inda ake so; in linzamin ya yi sako-sako, zabura ɗaya sai doki ya kwashe ya yi inda ya ga dama, sai ya ɗan yi gudu kafin a shawo kansa. Maganin da ake bayarwa yana rage saurin tashin jijiyoyin ne, shi ya sa ɗan kaɗan ke wadatarwa.

In uba ko uwa na ɗauke da wannan tangarɗa, kowane ciki rabi da rabi ne: ko ɗan ya gada ko bai gada ba. Kuma ba duk wanda ya gada ne ciwon ke bayyana a jikinsa ba, shi ya sa yakan tsallake uba ya fito a jika. Wani lokacin ma a kan yaron tangarɗar ta fara, ba kowa a dangi. Kada miji ya ce daga dangin matarsa ne, kada mata ta ce daga dangin miji ne, a ta da husuma a kan abin da ba wanda ya zaɓa. Kuma wannan ba irin gadon sikila ba ne, wanda sai uwa da uba sun haɗu a kai. A nan ɗaya ya isa.

Wani abu da ya kamata kakanni su taimaka da shi: ita wannan ƙwayar gado takan jawo wa jarirai jijjiga tsakanin wata 3 zuwa wata 12, ba tare da zazzaɓi ba, wadda takan daina da kanta kafin shekara 2, yaro ya tashi lafiya. Sai bayan shekara takwas ko goma murɗewar ta bayyana, lokacin kowa ya manta da abin da ya faru a goye. In an tuna an gaya wa likita cewa yaron, ko wansa, ko ɗan baffansa ya yi taune-taune yana jariri ba da zafin jiki ba, an rage masa rabin aiki.

Danginsa Biyu

Akwai wasu ciwo biyu masu kama da shi, waɗanda suka fi shi ƙaranci, kuma maganinsu dabam ne.

Na farko Mount da Reback ne suka bayyana shi a Amurka a 1940, a jikin wani saurayi da danginsa da yawa. Shi ba motsi ke ta da shi ba. Giya, gahawa, shayi mai kauri, gajiya da ɓacin rai su ne mabuɗansa. Yakan daɗe, daga minti goma har sa'o'i, amma ba ya yawan zuwa. An gano ƙwayar gadonsa a 2004, a kan kuromosom na 2. Mu a nan sai mu ƙara da goro, domin sinadarin kafin da ke cikin gahawa da shayi yana cikin goro da yawa, haka kuma cikin lemunan ƙara kuzari da samari ke sha yanzu. Mai wannan nau'i babban maganinsa barin waɗannan abubuwa; likita kan ƙara masa da wata ƙwaya mai suna kulonazefam in ta kama.

Na biyu James Lance na Ostareliya ya bayyana shi a 1977. Shi sai an daɗe ana aiki: tafiyar ƙasa mai nisa, noma, ƙwallo na minti goma sha biyar ko fiye, sai ƙafa ta murɗe, ta yi minti biyar zuwa talatin kafin ta saki in an huta. A 2008 aka gano cewa a wasu masu shi, hanyar da suga ke bi daga jini ya shiga ƙwaƙwalwa ce ta ƙuntata. Shi ya sa yunwa ke ƙara ta da shi. Akan yi musu magani da wani tsarin abinci mai yawan mai da ƙarancin hatsi da zaƙi, wanda ba a yin sa sai ƙarƙashin kulawar likita da masanin abinci. Wanda aka tabbatar masa da wannan nau'i, ya tattauna batun azumi da likitansa da malaminsa tun kafin watan ya kama.

Abin Da Za Ka Kai Wa Likita

Matsalar ciwo mai zuwa ya wuce ita ce ba ya jiran likita. Za ka yi sammako, ka bi layi, ka yanki kati, ka shiga da yaro yana tafiya garau. Likita ya duba bai ga kome ba. In ba ka zo da labari cikakke ba, sai a ba ku maganin ƙarin jini ku koma gida.

A yau kusan kowace unguwa akwai mai wayar da ke ɗaukar bidiyo. Wannan waya, a wannan ciwo, ta fi injin miliyoyin naira amfani. A samu wani ya zauna cikin shiri, a ɗauki yaron tun daga lokacin da zai miƙe har abin ya sake shi, jiki duka daga kai har ƙafa, da haske sosai. A yi masa magana ana ɗauka, a ce ya ɗaga ɗaya hannun, ko a faɗi wata kalma a ce ya riƙe ta, a tambaye shi bayan ya wuce. Bidiyo biyu ko uku sun isa. Na likita ne kawai. Wanda ya sa hoton lalurar yaro a Facebook ko WhatsApp don neman shawarar jama'a ko don dariya, ya ci amanar yaron, kuma abin zai bi shi har girmansa.

Sa'an nan a samu littafi a riƙa rubuta rana, lokaci, abin da yake yi kafin ya zo, da tsawonsa. A duba agogo, domin tsoro yakan sa daƙiƙa ashirin ta zama minti goma a bakin uwa. Ga misalin yadda zance kan gudana:

"Baba, yakan faɗi ne ya sume?"

"A'a likita, yana tsaye, yana kallona. In na yi magana yana ji."

"Me yake yi kafin abin ya zo?"

"Ranka ya daɗe, kullum sai in zai tashi. In yana kwance ko yana zaune shiru ban taɓa gani ba."

Waɗannan amsoshi biyu sun fi a ce "abin nan nasa ne ya motsa". A bar yaron ma ya yi bayani da bakinsa, domin shi kaɗai ya san abin da yake ji kafin ya zo.

Wanda ya dace a gani shi ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko likitan yara. Akan same su a manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano a Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. A Nijar kuma manyan asibitocin Yamai. A fara da asibitin kusa a nemi takardar turawa. Awon ƙwayar gado yana da tsada kuma sau da yawa sai an aika jini waje, amma ba sai da shi ake fara magani ba. Tun kafin 2011 likitoci ke gane ciwon da labari kaɗai suna kuma yi masa magani.

Likita zai so ya tabbatar ba wata cuta ce ta ɓuya a bayan murɗewar ba, musamman in ta fara bayan shekara 20, ko tana da zafi, ko tana daɗewa, ko an ga rauni a gaɓa tsakanin zuwa da zuwa. Ƙarancin sinadarin kalsiyam a jini yana kawo irin wannan, haka hawan suga ko faɗuwarsa, ciwon maƙoƙo mai sa zuciya bugawa, shanyewar ɓarin jiki, da tsohon rauni a ka. Awon jini mai sauƙi yana tona yawancinsu. Damuwa mai tsanani ita ma takan fito ta hanyar motsin jiki, kuma mai ita ba ƙarya yake yi ba, nasa maganin ne dabam.

Biyu daga cikin masu kama da shi sun fi shi yawa a ƙasashenmu nesa ba kusa ba, don haka mu tsaya a kansu. Na ɗaya, maganin amai mai suna metokulofuramaid, wanda ake sayarwa a kemis. Yakan sa yaro ko budurwa wuya ya sandare, ido ya kafe sama, harshe ya fito, cikin kwana ɗaya zuwa uku da fara sha. Wannan yakan ɗauki sa'o'i, kuma allura ɗaya a asibiti tana warware shi. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta hana ba da shi ga jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Saboda haka a tafi asibiti da kwalayen duk maganin da aka sha, har na gargajiya. Na biyu, rawar jiki da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, wadda likitan Ingila Thomas Sydenham ya bayyana a 1686. Ita ba ta zuwa ta wuce. Muddin yaro na farke gaɓoɓinsa na fizge-fizge, sai ya yi barci su tsaya, har makonni ko watanni. Wannan tana bukatar a duba zuciya da gaggawa, domin cutar da ta kawo ta tana lalata ƙofofin zuciya.

Magani

Maganin da aka fi amfani da shi sunansa kabamazefin, wanda da yawa suka sani da sunan Tegretol. Akwai kuma ɗan'uwansa okskabazefin, da tsohon magani fenitoyin. Duk magungunan farfaɗiya ne, kuma wannan kan sa wasu iyaye su ƙi karɓa, su ce ai an ce ba farfaɗiya ba ce. Kada sunan ya hana ka. Babban mutum mai farfaɗiya yakan sha miligiram 800 zuwa 1,200 a yini. Mai murɗewar zabura sau da yawa 50 zuwa 200 sun ishe shi. Mafi yawan masu sha abin yakan tsaya cak ko ya ragu ƙwarai cikin 'yan kwanaki. A cikin cututtukan ƙwaƙwalwa kaɗan ne ke jin magani haka.

Ba mu kawo waɗannan lambobi don wani ya wuce kemis ya saya ba. Ga dalili. Kabamazefin yakan kawo jiri da barci a farko, shi ya sa likita kan fara da kaɗan, sau da yawa da dare. Yana iya rage gishirin jini ko ƙwayoyin jini. Mafi haɗari, a wasu mutane ƙalilan yakan jawo ƙuraje masu saluɓe fata, da gyambo a baki da ido, yawanci cikin wata biyun farko. Wannan yana kisa. Duk wanda ya fara maganin ya ga ƙuraje, ko zazzaɓi da ciwon baki, ko ido ya yi ja, ya dakatar ya tafi asibiti a ranar, kada ya ce borin jini ne zai wuce. An fi ganin haka a mutanen Sin da Tailan da maƙwabtansu saboda wata ƙwayar gado da ke da yawa a cikinsu, amma ba wanda ya kuɓuta ɗungum.

Sa'an nan maganin yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, su fita kafin su yi aiki. Cikinsu akwai Coartem da sauran masu haɗinsa, wato maganin zazzaɓin cizon sauron da aka fi ba mu. Akwai ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse. Akwai wasu magungunan ƙanjamau. Saboda haka duk inda mai shan kabamazefin ya je neman wani magani, ko na zazzaɓi ne, ya faɗa da bakinsa cewa yana shan sa. Ya fi kyau ya rubuta sunan a takarda ya riƙa yawo da ita a aljihu.

Mace mai niyyar ɗaukar ciki ta ga likita tun kafin cikin, domin maganin yana ɗan ƙara haɗarin tawayar ƙashin bayan jariri. Tun da murɗewar kanta ba ta cutar da ɗan tayi, kuma wasu mata sauƙi suke samu lokacin ciki, likita na iya rage maganin ko ya dakatar da shi, ya ba ta ƙwayar folik asid. Shawarar tasu ce su biyu, ba ta maƙwabciya ba.

Ba dole ne a sha har abada ba. Bayan wasu shekaru likita kan gwada ragewa a hankali ya ga ko ciwon ya kwanta. Wanda nasa ba ya yawan zuwa kuma ba ya hana shi kome, yana iya zaɓar zama ba magani, ya dogara da tashi a hankali da isasshen barci.

Addu'a kuwa ba wanda ya hana, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Abin da muke hani da shi shi ne turara wa yaro hayaƙin barkono, ɗaure shi, dukansa da sunan fitar da iska, ko ɗura masa jiƙo lokacin da bakinsa ke karkace. A lura kuma da wannan: tun da ciwon yakan wuce da kansa cikin daƙiƙoƙi, kuma yakan yi sauƙi da kansa in an girma, duk wanda ya shafa wani abu ko ya tofa a daidai lokacin zai ce shi ya warkar. Haka ake karɓe dukiyar mutane.

A Makaranta Da Wurin Sana'a

Malam, in kana da irin wannan ɗalibi, aikinka kaɗan ne amma yana da nauyi. Kada ka kira shi da tsawa. Ka ce masa, "Wane, shirya, kai ne na gaba," ka ba shi ɗan lokaci kafin ya miƙe, ko ka bar shi ya amsa a zaune. In abin ya zo kada a danne shi, kada a yi ƙoƙarin miƙar da hannun da ƙarfi, kada a sa masa cokali a baki, kada a watsa masa ruwa. A kawar da benci ko abin da zai buge, a tsaya kusa, a jira. In ya wuce a ci gaba da darasi. Ka yi wa 'yan aji bayani sau ɗaya, da yardar yaron da iyayensa, cewa lalura ce ta jijiya, ba a ɗauka, kuma ba abin dariya ba ce. Haka malamin allo da mai gidan da yaro ke koyon sana'a a wurinsa. Cire yaro daga makaranta saboda wannan ciwo asara ce tsagwaronta, domin kansa daidai yake da na kowa.

Kafin magani ya kama jiki, a kiyaye wuraren da daƙiƙa goma ke iya zama ajali: hawan bishiya ko gini, bakin rijiya, iyo a kududdufi, tuƙa babur, ɗauke tukunya daga wuta, tsallaka babban titi a guje. In magani ya zauna, watanni suka wuce ba a ga kome ba, yaro ya koma ƙwallonsa, babba ya tambayi likitansa game da tuƙi.

Game da aure, ciwon ba ya hana aure kuma ba ya hana haihuwa. Abin da ya dace shi ne a gaya wa dangin da za a haɗa zuri'a da su tun da wuri, in da hali a je tare wurin likita su ji daga bakinsa: ɗa na iya gada, rabi da rabi, in ya gada yana iya yin jijjiga yana jariri wadda ke wucewa, yana iya yin murɗewa yana yaro wadda ke jin magani. Duk jaririn da ya yi jijjiga a irin wannan gida a kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita tarihin gidan, amma a bar shi ya bincika sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da faɗuwar suga tukuna, kafin a jingina abin ga gado.